A Bar wa Keke Hanyarsa a Karkara

Idan aka tambayi mutanen kowane ƙauye a ƙasar Hausa abin da suka fi bukata daga gwamnati, da wuya a ƙirga abu 3 ba a ambaci hanya ba. Kuma suna da gaskiya. Hanya ce ke kai mai naƙuda asibiti, ita ce ke fitar da tumatir kafin ya ruɓe, ita ce ke kawo taki da malamin makaranta. Amma akwai wata tambaya da ba a cika yi ba ranar bikin buɗe hanya, wato: wannan hanya da aka gyara, wa aka gyara wa? Sau da yawa ranar da aka zuba kwalta, ranar ce mai keke da mai jaki da mai tafiya a ƙasa suke komawa baƙi a kan turbar da sawun kakanninsu ya fitar. Ra'ayina shi ne, hanyar karkara mai natsuwa, wadda yaro ɗan shekara 12 zai bi a kan keke ba tare da hankalin uwarsa ya tashi ba, dukiya ce kamar rijiya ko kurmi, kuma tana sulalewa daga hannunmu ba mu ankara ba. Kimiyya tana da abin faɗi game da dalilin da ya sa ya kamata mu riƙe ta.

Mu fara da keken kansa, domin rainin da ake yi masa daga rashin saninsa ya samo asali. Keke mai ƙafa 2 masu girma ɗaya, da sarƙa mai juya ƙafar baya, wani Bature ne mai suna John Kemp Starley ya fito da shi a garin Coventry na Ingila a 1885. Bayan shekara 3, a 1888, wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya sa wa keken ɗansa taya mai iska. Tun daga nan siffar keke ba ta sake wani canji na a-zo-a-gani ba. Keken Raleigh da kakanninmu suka yi alfahari da shi, da Phoenix na ƙasar Sin da ya biyo baya, duk jikokin keken Starley ne. A 1973 wani malamin injiniya na Jami'ar Oxford, S. S. Wilson, ya kwatanta ƙarfin da halittu da injuna suke kashewa don su ɗauki nauyi guda su kai shi nisa guda. Abin da ya bayyana ya ba mutane mamaki: mutum a kan keke yana kashe kusan kashi 1 cikin 5 na abin da zai kashe idan a ƙasa yake tafiya, ya kuma fi doki da mota da jirgin sama tattalin ƙarfi.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Mai tafiya a ƙasa, duk takun da ya yi sai ya ɗan ɗaga jikinsa sama ya sauke, sa'an nan ƙafar da ta dira tana ɗan taka masa birki kafin ɗayar ta tura shi gaba. Mai keke kuwa sirdi ne ke ɗauke da nauyinsa, ƙafar keke tana mirginawa a kan boris, saboda haka kusan duk ƙarfin cinyarsa gaba yake tura shi. Abin da ya rage masa shi ne abokan gaba 3: ƙasa, da iska, da hawa.

Ƙasa ita ce ta farko, kuma ita ce ta fi shafar mutumin ƙauye. Taya tana lotsawa kaɗan a inda ta taɓa ƙasa, ƙasar ma tana lotsawa idan mai laushi ce, kuma duk lotsawar nan ƙarfin mahayi take ci. A kan kwalta ko burji mai tauri abin kaɗan ne. A cikin rairayi kuwa tayar tana haƙa wa kanta rami ne tana ƙoƙarin fita daga cikinsa a kowane juyi, shi ya sa mai buhun gero a kariya yake sauka ya tura. Shi ya sa kuma rashin isasshiyar iska a taya yake gajiyar da mutum fiye da yadda yake zato. Iska ita ce ta biyu. Turjiyarta tana ƙaruwa ne daidai da gudu idan an ninka shi da kansa: in ka ninka gudunka sau 2, iska za ta tura ka baya sau 4, ƙarfin da za ka riƙa kashewa a kowace daƙiƙa don ka keta ta kuma zai ninka sau 8. Wanda ya taɓa fuskantar arewa maso gabas a kan keke cikin watan Janairu, lokacin da iskar hunturu take kaɗawa, ya san wannan darasi a cinyarsa tun kafin ya gan shi a allo. Hawa kuwa lissafinsa a fili yake. Mutum da kekensa da kayansa in sun kai kilo 100, ɗaga su tsawon mita 10 yana cin jul kusan 10,000, ko tudun a miƙe yake ko a kwance. Bambancin kawai shi ne tudu mai kwanciya yana ba ka damar biyan bashin da kaɗan-kaɗan.

To, a nan Allah ya yi mana gata. Yawancin ƙasar Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa mai karya gwiwa sai jefi-jefi. Mutum mai lafiya yana yin kilomita 5 a sa'a a ƙasa, a kan keke kuwa yana yin 15 ba tare da haki ba, muddin hanyar tana da tauri. Ɗaliban lissafi su lura da abin da wannan yake nufi. Nisan ya ninka sau 3, amma faɗin ƙasar da mutum zai iya kaiwa cikin sa'a guda ya ninka sau 9, tun da faɗin da'ira yana tafiya ne da rabin tsakiyarta in an ninka shi da kansa. Wato kasuwanni da asibitoci da makarantun da suke cikin ikon mai keke sun kai ninki 9 na waɗanda suke cikin ikon mai tafiya a ƙasa.

Wannan lissafi an gwada shi a kan 'yan makaranta na gaske. A 2006 gwamnatin jihar Bihar ta ƙasar Indiya, jiha mai yawan ƙauyuka da talauci, ta fara bai wa 'yan mata da suka shiga babbar sakandare kuɗin sayen keke. Masana tattalin arziki 2, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bi diddigin shirin, suka gano cewa shigar 'yan mata sakandare a kan shekarunsu ta ƙaru da kashi 32 cikin 100. Ƙaruwar ta fi yawa a ƙauyukan da makaranta take da ɗan nisa da su, abin da ya nuna cewa tafiyar ce take hana su, ba ƙin karatu ba. Duk malamin da yake koyarwa a makarantar jeka-ka-dawo ta karkara ya san ɗaliban da suke isowa bayan an gama darasin farko, ƙafa duk ƙura, su kuma yi ta gyangyaɗi a darasi na uku.

Sai dai keke ba ya tafiya a sama. Uba ba zai bar 'yarsa ta hau keke ta bi hanyar da tifa take wucewa kamar walƙiya ba, kuma ba za a ce ya yi laifi ba. A nan ne maganar natsuwar hanya ta shigo, kuma a nan ne nake so mu ɗan daɗe.

Abin da yake kashe mutum a kan hanya shi ne ƙarfin motsi, wanda a aji ake lissafa shi da rabin nauyi sau gudu sau gudu. Motar da take gudun kilomita 80 a sa'a tana ɗauke da ƙarfin motsi ninki 4 na wadda take gudun 40, ba ninki 2 ba. Mu ɗauka direba ya hango yaro ya karkato da kekensa don ya kauce wa rami. Kafin ido ya sanar da ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta umarci ƙafa, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye. A gudun 40 motar ta ci mita 11 a cikin wannan daƙiƙa, sa'an nan birki mai kyau a kan busasshiyar kwalta zai tsayar da ita bayan wasu mita 9, jimla mita 20. A gudun 80 kuwa ta ci mita 22 kafin a taɓa birki, sa'an nan tana bukatar wasu mita 35, jimla mita 57. A daidai wurin da mai gudun 40 ya tsaya cik, mai gudun 80 bai ma kai ƙafarsa ga birki ba. Wannan kuma lissafin mota mai lafiyayyen birki ne da sababbin tayoyi. Mai karatu ya ƙiyasta da kansa yadda abin zai kasance ga akori-kurar da aka lafta wa buhunan masara, tayoyinta sun suɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum kimanin miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Saboda irin wannan lissafi ne babban taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a sa'a a duk inda motoci suke cuɗanya da mutane. A ƙauyukanmu kuwa, hanyar da ta ratsa tsakiyar gari, ta gaban masallaci da makaranta da rumfar mai shayi, ita ce direba yake ɗauka filin gwada inji.

Wani zai ce, ashe so kake a bar ƙauyuka cikin yashi da taɓo don masu keke su ji daɗi? Ko kaɗan. Mun riga mun ga cewa babu wanda yashi ya fi cuta kamar mai keke. Hasali ma, tarihi ya nuna masu keke ne suka fara fafutukar a gyara hanyoyin karkara tun mota ba ta yaɗu ba. A Amurka ƙungiyar masu keke da aka kafa a 1880 ita ce ta jagoranci kiran a yi hanyoyi masu kyau, a Ingila ma ƙungiyoyin masu keke ne suka kafa ƙungiyar inganta hanyoyi a 1886. Mota daga baya ta zo ta tarar da shimfiɗa ta hau. Matsalar ba kwalta ba ce. Matsalar ita ce hanyar da aka zana da tunanin mota kaɗai: siririya, babu gefe, miƙaƙƙiya sak, an sare bishiyoyin da suke bakinta, sa'an nan aka sake ta ga kowane irin nauyi da kowane irin gudu.

Maganar nauyi ma tana da nata lissafi, kuma ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi su san shi tun da aljihunsu ya shafa. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a jihar Illinois ta Amurka sun gina hanyoyin gwaji, suka sa manyan motoci masu nauyi daban-daban suna zagaya su dare da rana har suka farfashe. Daga nan aka fitar da ƙa'idar da har yanzu ake koyarwa: ɓarnar da ƙafafun mota suke yi wa hanya tana tafiya ne kusan daidai da nauyin da ke kansu in an ninka shi da kansa sau 4. Ƙaramar mota tana ɗora kamar rabin tan a kan kowane layin tayoyi. Tifar yashi tana iya ɗora tan 10, wato ninki 20. In ka lissafa 20 sau 20 sau 20 sau 20, za ka sami 160,000. Ƙa'idar ƙiyasi ce, ba a ɗaukar ta kamar awon zinariya, amma saƙonta a fili yake: wucewar tifa guda ta fi wucewar dubban ƙananan motoci cin hanya, keke kuwa ko a lissafin ba ya shiga. Hanyar da aka yi domin keke da babur da amalanke, aka tsare ta daga manyan motoci, kuɗinta kaɗan ne, kwananta kuma da yawa. Waɗanda suka ga zamanin hukumar DFRRI, wadda gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1986, za su tuna hanyoyin burjin da aka fitar a ƙauyuka, da yadda da yawa daga cikinsu damina da manyan motoci suka taru suka cinye saboda babu mai kula da su.

Yanzu bari mu leƙa yadda wasu ƙasashe suka yi da wannan matsala, ba don mu kwaikwaye su ido rufe ba. Ƙasar Holan, wadda ta yi suna da keke, ba haka ta tashi ba. Bayan yaƙin duniya na biyu ita ma ta buɗe wa mota ƙofa, har a 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hanyoyinta, fiye da 400 daga cikinsu yara. Iyaye suka fito zanga-zanga da taken a daina kashe yara. Sai ga matsalar man fetur ta 1973, har gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na ɗan lokaci. Waɗannan abubuwa 2 suka juya akalar ƙasar. Ta gina hanyoyin keke na musamman da tsawonsu ya haura kilomita 30,000, daga ƙarshen shekarun 1990 kuma ta rage gudu a ƙananan hanyoyin karkara zuwa kilomita 60 a sa'a, ta sake musu zane yadda direba zai ji a jikinsa cewa ba shi kaɗai ke da hanyar ba.

Darasin Birtaniya ya fi wannan ɗaci, kuma ya fi amfani gare mu. Wata ƙungiyar sa-kai da ta fara a Bristol a 1977, wadda daga baya aka sani da suna Sustrans, ta mayar da tsohon layin dogo tsakanin Bristol da Bath hanyar keke da ƙafa, aikin da ta yi daga 1979 zuwa 1986. A 1995 ta sami tallafin fam miliyan 42.5 don ta shimfiɗa irin wannan a faɗin ƙasar. Da yake gina sabuwar hanya yana da tsada, wurare da yawa sai aka kafa alluna kawai a ƙananan hanyoyin ƙauye aka ce na keke ne. Shekaru suka wuce, motoci suka ƙaru a waɗannan hanyoyi, gudu ya ƙaru. A 2020 ƙungiyar da kanta ta cire kusan kashi 1 cikin 4 na hanyoyin daga sahun waɗanda take ba da tabbaci a kansu, domin ba su dace da yaro ko sabon mahayi ba. Allo ba ya sa hanya ta natsu. Yawan motoci da gudunsu su ne ma'auni, kuma abubuwa ne da ake iya ƙirgawa.

Mu kuma me muke da shi? Muna da abin da Turawa suka kashe miliyoyi suna nema. Tsakanin kusan kowane ƙauye da maƙwabcinsa akwai turba ta biyu wadda mota ba ta bi: burtalin da shanu suke bi tsakanin gonaki, hanyar 'yan kasuwa da ta yanke ta bayan fadama, hanyar da take bin bakin rafi. A yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 yake ratsawa, hanyoyin da suke bin gefen manyan magudanai a shimfiɗe suke kamar tabarma, tun da ruwa ba ya hawa tudu. Mutum yana tafiya tsakanin shinkafa da alkama da tumatir, ba ya jin komai sai kukan tsuntsaye da ƙarar sarƙarsa. A kewayen Zariya, ƙauyukan da suke bayan Samaru da Shika da Basawa suna haɗe da juna da turbobi irin waɗannan, ƙarƙashin ɗorawa da kaɗanya da mangwaro. Abin da yake kashe irin waɗannan hanyoyi yawanci ƙaramin abu ne: rafi guda da ba shi da kwalbati, ko mita 200 na rairayi, ko manomin da ya ci burtali da garma shekara bayan shekara har ya zama ba ya wuce faɗin tafin ƙafa. Cinye burtali kuwa, kowa ya sani, ba mai keke kaɗai yake cutarwa ba, yana cikin abubuwan da suke haddasa rigima tsakanin manoma da makiyaya.

Saboda haka abin da nake kira a yi ba mai tsada ba ne. Duk sabuwar hanyar kwalta da za ta ratsa karkara a yi mata gefe mai tauri, faɗin mita 1 da rabi ko 2, kuma kada a bari ya zama wurin shanya barkono ko jibge yashin gini. Inda ta shiga gari a tilasta rage gudu da tudun da injiniya ya auna, ba irin wanda matasa suke ginawa da dare bayan an kaɗe wani ba, wanda shi kansa yake kayar da masu babur. Turbobi na biyu kuma a san da zamansu a hukumance, a shata iyakarsu, a zuba musu jar ƙasa inda suke da yashi, a sa kwalbati inda ruwa yake yanke su, a kafa turaku a bakinsu yadda keke da babur da amalanken shanu za su wuce amma tifa ba za ta shiga ba. Bishiya kuma a daina ɗaukar ta abokiyar gabar hanya. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kai digiri 40 a Kano da Sakkwato, inuwar maɗaci da darbejiya ita ce bambancin hanyar da za a iya bi da azahar da wadda ba za a iya ba. Waɗanda suka dasa layukan maɗacin da har yanzu ake gani a bakin wasu tsofaffin hanyoyinmu sun san abin da suke yi.

Akwai hujjoji 2 da ake kawowa a kan wannan ra'ayi, kuma ba zan raina su ba. Ta farko ita ce tsaro. A sassan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari 'yan bindiga sun mayar da hanyoyin ƙauye abin tsoro shekara da shekaru, kuma wauta ce mutum ya ce wa ɗalibi ya bi daji shi kaɗai da sunan shaƙatawa. Hanyar da ta yi tsit saboda mutane sun guje ta ba ita nake nufi da mai natsuwa ba. Wadda nake nufi cike take da mutane: masu tallar nono, 'yan makaranta, mai faci a gindin tsamiya, manoma a gonakinsu hagu da dama. Yawan idanu shi kansa wani tsaro ne, kuma turbar da aka gyara ta fi jan mutane fiye da wadda aka bari ciyawa ta rufe. Inda babu zaman lafiya, sai a fara da neman zaman lafiya. Amma ƙananan hukumomi da yawa a Kano da Jigawa da sauran wurare suna zaune lafiya, kuma ba su da uzurin jira.

Hujja ta biyu ita ce ta girma. A wurinmu keke ya zama alamar wanda bai samu ba. Saurayin da ya sami kuɗin amfanin gona babur yake fara saye, malamin makaranta kuma yana jin kunyar ɗalibansa su gan shi yana taka feda. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ƙoƙarin karya wannan tunani, har yana zuwa taron majalisar ministoci a kan keke a Abuja. Dariya aka yi ta yi masa, musamman bayan da wata motar haya ta tura shi cikin kwata. A ganina masu dariyar sun kuskure darasin, domin abin da haɗarin ya nuna shi ne ko minista ba shi da wurin bi a hanyar da aka yi domin mota kaɗai. A Holan kuwa, da firayim minista Mark Rutte ya miƙa mulki a watan Yulin 2024 bayan shekara kusan 14, kekensa ya hau ya tafi gida. Mu ma aljihu ya fara koya mana abin da wa'azi ya kasa. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Tsofaffin kekuna suka fito daga zaure, masu faci suka sami ciniki. Waɗannan mutane sun koma kan keke ne a hanyoyin da ba a tanadar musu komai ba.

A nan ne makarantun sakandare suke da aikin da babu wanda ya fi su dacewa da shi. Babu ofishin da yake da taswirar turbobin ƙauyenku, amma ɗaliban aji guda sun san su duka, tun da ta nan suke zuwa. A lardin Limburg na ƙasar Beljiyam, wani injiniyan haƙar ma'adinai mai suna Hugo Bollen ya kawo dabarar da aka fara aiki da ita a 1995: maimakon a sa wa hanyoyi suna, sai a sa wa kowace mararraba lamba, a kafa ɗan allo mai nuna lambar mararraba ta gaba. Mahayi sai ya rubuta jerin lambobi a takarda ya bi. Dabarar ta yaɗu a Beljiyam da Holan da wani ɓangare na Jamus, kuma ba ta bukatar komai sai fenti da katako. Kulob ɗin kimiyya na kowace makaranta zai iya yin irinta a kewayen kilomita 10 daga ƙofar makarantar.

Kayan awon ma suna hannu. Ƙafar babban keke mai inci 28 tana cin kusan mita 2.2 a kowane juyi, wato juyi 450 ya yi kusan kilomita guda. A ɗaura ƙyalle a jikin ƙafar gaba, ɗalibi guda ya tura keken, wani ya ƙirga. Don sanin natsuwar hanya, ɗalibai 2 su zauna a inuwa, nesa da bakin titi, su ƙirga duk abin da ya wuce cikin sa'a guda, su ware keke daban, babur daban, ƙananan motoci daban, manya daban. Don sanin gudu, a auna mita 100 tsakanin bishiya 2 a riƙe agogo: motar da ta cinye su cikin daƙiƙa 12 tana gudun 30, mai daƙiƙa 9 tana gudun 40, mai daƙiƙa 6 tana gudun 60. A rubuta inda yashi yake, da inda tsidau da ƙaya suke fasa taya, da inda ake samun mai faci da ruwan sha. Malamin labarin ƙasa ya taimaka a zana taswirar, malamin lissafi ya duba alƙaluman, shugaban makaranta kuma ya kai kofi ga hakimi da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, tare da jerin wurare 3 ko 4 da kwalbati guda zai buɗe hanya. Awon kuma a yi shi sau 2 a shekara, cikin Fabrairu da cikin Agusta, ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba, domin mashigin da ake haye shi a kan keke da rani yakan kai ƙugu a tsakiyar damina.